Yadda ake ceto karen da aka ce mai haɗari ne daga allurar mutuwa a Ingila

Na yi shekaru ina aikin tafinta da haɗa takardu a wani ofishin lauyoyi a arewacin Ingila, kuma cikin shari'o'in da suka riƙa faɗowa teburina har da na karnuka. Da farko dariya abin yake ba ni. Mu da muka tashi inda kare na gadi ne ko na farauta, in ya ciji ɗan maƙwabta a je a ba da haƙuri, a biya kuɗin allura, dattawan unguwa su kashe maganar, ina mu ina tsayuwa gaban alƙali a kan kare? Na daina dariya ranar da wani dattijo ɗan uwanmu ya shigo da sammaci a hannu, 'yarsa tana biye da shi idanunta sun kumbura. Ya ce, "Malam, ai kare ne, su riƙe abinsu mana." Bai san sunansa ne a rajistar karen ba, bai kuma san shi ake tuhuma ba, ba yaran da suka matsa masa aka sayo ɗan kwikwiyon ba.

Abin da zan bayyana ya shafi Ingila da Wales. Sukotlan da Ailan ta Arewa kowacce da nata tsarin.

Ta wace ƙofa aka shigo maka?

Ƙofa uku ce, kuma kowacce da irin faɗanta. Ta farko sashe na 1 na Dokar Karnuka Masu Haɗari ta 1991, wanda ya haramta mallakar wasu nau'o'i: Pit Bull Terrier, Tosa na Japan, Dogo Argentino, Fila Brasileiro, sai XL Bully da ya zama laifi a riƙe shi ba takardar izini tun 1 ga Fabrairu 2024. A nan ba sai karenka ya taɓa kowa ba, kamanninsa kaɗai sun isa. Ta biyu sashe na 3, karen da ya fi ƙarfin mai shi har ya ji wa mutum rauni ko ya sa shi fargabar za a ji masa. Wannan ya shafi kowane kare, komai ƙanƙantarsa, kuma tun 2014 ya haɗa har da cikin gidanka. Ta uku tsohuwar dokar 1871, wadda ba ta laifi ba ce, amma kotun majistare tana iya ba da umarnin kashe kare a ƙarƙashinta.

Abubuwan da za ka tanada

- Lambar maikurocif, wato 'yar na'urar shaidar da aka saka wa karen ƙarƙashin fata, da sunan wanda aka yi rajista da shi.
- Dukan tarihinsa daga wurin likitan dabbobi. Ka kira ka ce a turo maka ta imel, suna bayarwa.
- Rasit ko tallan da ka gani lokacin da ka saye shi, da hotunan uwarsa da ubansa in akwai.
- Hotuna da bidiyon da suka nuna yadda yake da baƙi, da yara, da sauran karnuka.
- Hotunan gidanka: katanga, ƙyaure, makulli, inda karen ke kwana.
- Takardar haya, da izinin mai gida na ajiye kare.
- Takunkumi irin mai kama da kwando, da gajeriyar igiya mai ƙarfi, ba mai miƙewa ba.
- Littafi guda da za ka riƙa rubuta duk wanda ya kira ka, da ranar, da abin da ya ce.
- Kuɗi. Ƙwararren da zai duba karen kaɗai yakan ci ɗaruruwan fam.

1. Ranar da suka zo, kada ka sa hannu a takardar sallamawa

Nan ne aka fi yin asara, tun kafin a ga ƙofar kotu. 'Yan sanda sukan zo da sassafe, mota a bakin gida, maƙwabta na leƙe ta taga, kai kuma kunya ta rufe ka, so kake kawai su tafi. Sai a miƙo maka takarda a ce in ka sa hannu magana ta yi sauƙi. Takardar nan cewa take ka bar musu karen. Da zarar ka sa hannu, suna iya kashe shi ba tare da alƙali ya ko ji sunansa ba. Doka ba ta tilasta maka ba, kuma sallama karen ba ta nufin an janye tuhumar da ake yi maka.

Kada kuma ka yi kokawa da su, ko ka ɓoye karen a gidan aboki. In a titi ne, ba su buƙatar takardar kotu kafin su kama shi. In a cikin gida ne, ka tambaya cikin ladabi a nuna maka takardar izinin kotu, ka ɗauki hotonta. Kai da kanka ka ɗaura masa igiya ka sa shi a motarsu. Karen da aka fizgo da sandar kamu yana haushi yana fizge-fizge, wannan hoton ne zai shiga rahotonsu. Ka karɓi sunan jami'in da lambarsa da lambar shari'ar. Ka rubuta musu abincin da yake ci da maganin da yake sha, ka riƙe kwafi. Ba za a faɗa maka inda aka ajiye shi ba, ba za a bar ka ka ziyarce shi ba, kuma zaman yana iya kai watanni. Ka shirya wa yaran gida wannan tun ranar farko.

2. Kada ka yi bayani sai da lauya a gefenka

Za a gayyace ka ofishin 'yan sanda a ce hira ce ta ganin dama. Ana naɗar ta, kuma ana karanta ta a kotu. Kana da haƙƙin lauya kyauta a wannan hirar, kana da haƙƙin tafinta kyauta. Ka nemi duka biyun ko da Turancinka na aiki da kasuwa ya zauna, domin Turancin tuhuma daban ne. Na sha ganin mutum ya ce "dama yakan yi haka wani lokaci", yana nufin haushi, aka rubuta cewa ya san karen na kai wa mutane hari.

Mutanenmu akwai saurin ba da haƙuri, kuma hali ne mai kyau. Amma kada ka je gidan wanda aka ciza da kanka, kada ka aika masa kuɗi a ambulan. A nan ana iya fassara shi da neman toshe bakin shaida. Ka faɗa wa lauya kana son ba da haƙuri da biyan diyya, ya bi ta hanyar da za ta amfane ka.

3. Nemo lauyan da ya san dokar kare

Ba kowane lauyan laifuka ne ya san ta ba. An taɓa dokar a 1997, aka sake a 2014, aka ƙara XL Bully daga baya, kuma karen bana shi ke maganin zomon bana. Ka tambaye shi kai tsaye: shari'ar kare nawa ka yi a bara? Wane ƙwararre kake aiki da shi? In ya tsaya inda-inda, gaba.

In tuhumar laifi ce, kana iya samun tallafin lauya na gwamnati, gwargwadon samunka. In 'yan sanda sun bi ta sashe na 4B, wato sun kai karen kotu ba tare da sun tuhume ka da laifi ba, yawanci daga aljihunka za ka biya, amma ka tsira daga tabon laifi. Lauya mai wayo yakan roƙi a bi ta wannan hanyar in karen bai taɓa kowa ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In karen ya taɓa cafkar wani a baya, ka faɗa. In kana kan biza ko kana shirin neman takardar zama ko ta ɗan ƙasa, ka faɗa tun zaman farko, domin hukuncin laifi yana bin mutum har can. Girman hukuncin ba wasa ba ne: riƙe haramtaccen nau'i yana iya jawo ɗaurin wata 6, rauni ga mutum har shekara 5, rauni ga karen da ke yi wa makaho ko wani mai lalura jagora har shekara 3, in kuwa an rasa rai har shekara 14.

In ba ka da kuɗin cikakken lauya, ka biya na zama ɗaya ya tsara maka yadda za ka kare kanka, ka ajiye ragowar don ƙwararre. In dole sai ɗaya za ka zaɓa, ni dai rahoton ƙwararre zan zaɓa.

4. Nemi a maido shi gida kafin ranar shari'a

In maganar nau'i ce kawai, akwai tsarin da ya ba 'yan sanda damar sakin kare ya jira shari'a a gida, bisa sharuɗɗa irin su dandaƙa, takunkumi da igiya. Ganin damarsu ne, ba haƙƙinka ba, kuma ba kowace runduna ke yi ba. Duk da haka ka sa lauya ya nema a rubuce. Kare da ya yi wata shida a keji shi kaɗai yakan fito a firgice, ya rame, kuma a wannan halin ne za a gwada halayyarsa. Ga kuma kuɗin ajiya da kotu ke iya ɗora maka a ƙarshe.

5. Ka yanke shawara: faɗan nau'i za ka yi ko faɗan hali?

Wannan matakin ne ya fi ɗaure wa mutane kai. Dokar ba ta damu da jinin kare ba, siffarsa take dubawa. Wani jami'in 'yan sanda da aka horar a kan dokar karnuka zai auna shi da tef: tsayi, faɗin kai, zurfin ƙirji, tsawon baki. Na Pit Bull ana gwada shi ne da wani ma'auni na masu kiwon karnuka na Amurka na 1977. Na XL Bully, namiji daga santimita 51 a kafaɗa, mace daga 48, sannan sauran siffofi. Saboda haka gwajin DNA da ka biya kuɗi ka yi, da takardar da mai sayarwa ya ba ka cewa ruwa biyu ne na wani nau'i halal, ba za su cece ka ba. 'Yan uwa biyu ciki ɗaya, ana iya cewa ɗaya haramtacce ne, ɗaya a sake shi.

Sannan a nan an juya ƙa'idar da muka sani. Ba su ne za su tabbatar haramtacce ne ba, kai ne za ka tabbatar ba shi ba ne. In za ka kawo hujjar hakan a shari'ar laifi, sai ka sanar da masu ƙara aƙalla kwana 14 kafin ranar. Wanda ya manta wannan ya zo da ƙwararrensa a banza.

Shawarata, sai in ƙwararrenka ya auna ya ce da gaske akwai shakka, kada ka ƙarar da kuɗinka a faɗan nau'i. Ka amsa cewa nau'in ne, ka koma faɗan da ake ci: cewa karen ba barazana ba ne ga jama'a. Kafin 1997 alƙali ba shi da zaɓi, kisa ne kawai. Yanzu yana iya ba da umarnin kisa mai sharaɗi, wato a bar karen da rai muddin ka cika sharuɗɗa. Wannan umarnin shi kake nema, ko a sashe na 1 ko a na 3.

A sashe na 3 akwai kariya ɗaya da ya kamata ka sani: in ɓarawo ne ya kutso cikin ɗakunan gida kare ya kama shi, doka ta ɗauke maka. Ba ta ɗauke maka a kan mai kawo wasiƙa da ya zura hannu ta ramin ƙofa ba, ko yaron da ya shigo tsakar gida ɗaukar ƙwallo.

6. Kawo ƙwararrenka

Doka ta ce kotu ta duba abu biyu: halin karen da tarihinsa, sannan ko mai shi mutum ne da ya cancanci riƙe shi. Na farkon aikin ƙwararre ne a halayyar karnuka. Ka nemi wanda yake cikin rajistar wata hukuma da aka sani, irin ABTC, mai rajistar ƙwararru a halayya da horon dabbobi, wanda kuma ya taɓa tsayawa a kotu. Mai horar da kare na unguwa, komai iyawarsa, lauyan gwamnati zai kwance shi cikin minti biyar.

'Yan sanda ne za su shirya inda za a kawo karen. Na taɓa kallon bidiyon irin wannan gwajin na wata karya baƙa da ta yi wata huɗu a tsare. Ƙwararriyar ta shigo ba ta ko kalle ta ba, ta zauna a ƙasa ta juya mata gefe. Sai da karyar ta zo da kanta ta shinshina takalminta, sannan ta shafa ta, ta ɗaga mata leɓe ta duba haƙora, ta taɓa tafin ƙafa, ta ajiye kwanon abinci ta janye, ta sa wani ya wuce a guje. A wurin janye kwanon karyar ta ɗan sandare. Ƙwararriyar ta rubuta hakan ba ɓoye-ɓoye, ta kuma rubuta maganinsa: a riƙa ba ta abinci a ɗaki ita kaɗai, ba yaro kusa. Mai karyar ya ji haushi, yana ganin ya biya kuɗi an tona masa asiri. Wannan sakin layin ne alƙalai suka fi tsayawa a kai, kuma shi ya sa suka yarda da sauran rahoton.

7. Gyara gidanka da kanka kafin a tambaye ka

Rabi na biyu kai ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ta ƙarƙashin shinge ya fita, a toshe, a ɗauki hoto kafin da bayan gyara, a ajiye rasit. In mai kawo wasiƙa ya ciza, a toshe ramin ƙofar a kafa akwati a waje. A sa ƙaramin ƙyaure na biyu a zaure, yadda ko yaro ya buɗe ƙofar gida karen ba zai fice ba. Ka yi rajistar darasin horo, ka kawo shaidar biya.

In karen yana gida, ka fara saba masa da takunkumi yau. A shafa markaɗaɗɗiyar gyaɗa a cikinsa, ya zura baki da kansa ya lasa, daƙiƙa kaɗan a rana ta farko, a riƙa ƙarawa. A duba kwalbar, kada ta zama mai sinadarin xylitol, guba ne ga kare. A ɗauki bidiyo.

Wasiƙun shaida daga maƙwabta da likitan dabbobi suna taimakawa, in sun faɗi abin da suka gani da ido, da kwanan wata da sa hannu. Guda huɗu masu nama sun fi hamsin masu cewa "kare ne mai kirki".

In kai ne matsalar, ko don tsohon laifi, ko mai gida ya hana, ko aikin dare, ka kawo wani a matsayin mai riƙo. A karen da ba haramtacce ba wannan yana da sauƙi. A haramtaccen nau'i kuwa ba a kyautarwa, ba a sayarwa, kuma kotu ba ta miƙa shi ga baƙon da bai taɓa ɗawainiya da shi ba. Sai wanda dama yake ciyar da shi ko fita da shi. Ka zo da mutumin kotu.

Maganar Facebook da neman sa hannun jama'a: ka bar ta. Lennox, karen da aka kama a Belfast ta Ailan ta Arewa a 2010 saboda kamanninsa, duniya ta yi ca a kansa, aka yi ta ɗaukaka ƙara shekara biyu, aka kashe shi a Yulin 2012. Alƙali ba ya ƙirga masu tausayi. Abin da ka rubuta cikin fushi a kan wanda aka ciza kuwa, za ka gan shi an buga a takarda an ajiye a gaban kotu.

8. Ranar kotu

Yawanci majistare uku za ka tarar, mutanen gari ne ba lauyoyi ba, da mai ba su shawara a kan doka, ko kuma alƙali ɗaya. Ka zo da wuri, da kwafi huɗu na komai. In kana son tafinta, a sanar da kotu tun kafin ranar.

Kuskuren da ya fi kashe karnuka a ɗakin nan shi ne mai kare ya tashi yana cewa laifin wanda aka ciza ne, shi ya tsokane shi. Ko gaskiya ne, bar wa lauya ya faɗa. Kotu ba ta tambayar ko kana son karenka. Tambayarta, in an sake shi gobe, me zai hana a sake? Ka amsa da jerin sharuɗɗan da kai ka rubuto: takunkumi da igiya a waje, ba za a bar shi da yaro su kaɗai ba, babba ne kawai zai fita da shi, za a dandaƙe shi. Kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya ba don ka burge su, domin duk abin da ya shiga umarnin ya zama igiya a wuyan karen har ya mutu.

Akwai shari'ar da nake ce wa mutum ya haƙura. Karen da ya kama yaro ya ƙi saki, ko wanda cizonsa na uku ke nan, ko wanda ƙwararrenka da kansa ya girgiza kai. Na ga iyali sun ci bashi sun yi shekara suna ja, karen na ruɓewa a keji, ƙarshe hukuncin bai canja ba. Wanda aka yi wa rauni ma ɗan wani ne.

9. In an ba da umarnin kisa

Kana da kwana 21 ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun gaba, Crown Court, inda alƙali da majistare za su saurari maganar sabuwa. Ba a kashe karen kafin wa'adin ya cika, ko kafin a gama sauraron ƙarar. Amma kada ka dogara da cewa saƙo zai isa da kansa. Ranar da aka shigar da takardar, lauya ya aika wa jami'in da ke riƙe da shari'ar kwafi, kai ma ka kira ka tabbatar ya gani, ka rubuta a littafinka. In ba ka da rahoton ƙwararre a zagayen farko, yanzu ne lokacinsa. Ka sani in ka faɗi, kuɗin ajiya da na kotu sun ƙaru.

10. In an bar shi da rai

A haramtaccen nau'i, wata 2 gare ka ka kammala komai a sa shi a rajistar karnukan da aka yi wa izini, wadda Defra, ma'aikatar muhalli da abinci da harkokin karkara, ke riƙe da ita: dandaƙa, maikurocif, kuɗin rajista fam 92.40 a shari'o'in da na bi, da inshorar raunin da zai iya yi wa wani, wadda ake nema a lokacin. Ka karanta sharuɗɗan da aka aiko maka layi-layi, domin ana sabunta su. In ka ga wa'adin zai kuɓuce, a koma kotu a nemi ƙari kafin ya cika. In kuɗin dandaƙa ya gagara, ka tuntuɓi ƙungiyoyin agajin dabbobi irin su PDSA ko Blue Cross ko RSPCA ka ji ko ka cancanci rangwame.

Takardar izinin ta tsawon ran karen ce, muddin ba a karya sharaɗi ba. In ka tashi daga gida ka sanar. In ɗan sanda ko jami'in ƙaramar hukuma ya nemi ganinta, ka nuna nan take ko cikin kwana 5. Wanda bai kai shekara 16 ba ba ya riƙe igiyar a waje, ko da shi ne ya yi kukan a sayo karen.

Takunkumin kuma ba a cire shi a waje ko na minti ɗaya, kuma cikin motarka a kan titi ma waje ne a idon doka. A 1992 a Landan an cire wa wata karya mai suna Dempsey takunkumi saboda tana amai, 'yan sanda suka gani, kotu ta ce a kashe ta. Shekara uku tana tsare, sai a 1995 babbar kotu ta sake ta, shi ma don ba a sanar da mai ita zaman farko ba. Shi ya sa na ce mai kama da kwando za ka saya: a cikinsa kare yana haki, yana shan ruwa, yana amai, ba sai an kwance ba. Ka sayi biyu, ɗaya a rataye jikin ƙofa tare da igiya, ɗaya a mota.